Ruwan da Lauya Ya Sha

Alhamis, 6 ga Maris

Lauya ya mutu. Ɗazu da yamma muka binne shi.

Ban taɓa ganin taro irin na yau ba, har kan katangar maƙabarta mutane suka hau. Motocina ne suka yi jigilarsu, tun safe na janye su daga hanya gaba ɗaya. Ba wanda ya ce min sannu. Dama haka ake yi wa jaki, a sauke kaya a manta da bayansa.

Ajinmu ɗaya da shi a sakandare. Shi ya wuce ya karanci shari'a, ni na tsaya a aji uku na kama facin taya a bakin titi. Yau ina da motocin haya, ina da gareji, ina da ma'aikata. Ba wanda ya ɗora ni, ban gaji ko sifana ba. Amma ko mota ɗaya ba ta da rajista da sunana, don ba ni da katin ɗan ƙasa. Da sunan wani ake yi min, in na haɗu da shi kuma in rusuna. A nan aka haifi ubana, a nan aka haife ni, a bayan masaƙar da kakanninmu suka zo yi wa aiki, amma har gobe baƙi muke a takarda. Ba ƙuri'a, ba aikin gwamnati sai na shara da aike, ba takardar fili. Shi kansa Lauya ba a taɓa barinsa ya tsaya gaban alƙali ba, sai dai ya rubuta wani ya karanta. Kan wannan ya ƙare rayuwarsa.

Abin da jama'a ba su sani ba, ƙoda ce. Fiye da shekara ina ɗaukarsa a motata, ni da kaina, zuwa wani asibiti a wajen gari ana yi masa wankin ƙoda. Mukan ce rakiya yake min sayen taya. Shi ya roƙe ni in rufe bakina. Ya ce in mutane suka ji yana mutuwa za su koma kallonsa, su bar abin da ya tara mu. Daga ni sai matarsa Malama, sai likita. Likitan ya hana shi tsayuwa cikin rana, jiya ya ƙi ji, ya wuni a tsaye a ƙofar ofishin rajista. Da yamma ya faɗi a tsakar gida.

Ban yi kuka ba. Ba na yi.

Juma'a, 7 ga Maris

Rediyon gwamnati na kiransa mai son zaman lafiya. Makon jiya mai tada zaune tsaye ne.

Lahadi, 9 ga Maris

Taron kwamitin ƙungiyarmu ta neman kati a garejina, kamar kullum, a kan bencin fasinja. Mai Kemis, mataimakin Lauya, ya zauna a kujerar mamacin tun kafin a ce masa zauna. Tsoho ne mai magana kamar yana ƙirga ƙwayar magani. Ya ce zai riƙe ƙungiya har a yi zaɓe farkon watan gobe, kuma layi zai ci gaba yadda aka saba.

Layin nan shi ne duk gadon da Lauya ya bar mana. Kowace Laraba mu je ofishin rajista mu jeru, ba waƙa, ba kwali, ba zagi. In ka kai taga ka ce, "Na zo karɓar katina." A ce babu. Ka ce, "Na gode," ka koma baya ka sake biyo layi, har a tashi daga aiki. Da farko dariya aka yi mana. Yanzu shekara ta huɗu, 'yan jarida na zuwa har daga waje, babbar kotu kuma ta yarda ta saurare mu a watan Mayu. Gwamnati ta rasa ta inda za ta kama mu, don ba dokar da ta hana mutum bin layi.

Da aka zo maganar 'yan takara wani ya ambace ni. Mai Kemis ya yi murmushi ya ce, "Ai Mai Motoci shi ne ƙafarmu." Ƙafa! Wato shi ne kai. Mutumin da ya gaji shago daga surukinsa.

Sai shugaban matasa ya miƙe. Ni na sa masa suna Digiri, don yana da ita kuma ba ta taɓa saya masa ko silifa ba. Ya ce ranar Laraba masinjan ofishin ya miƙo wa Lauya ruwa a kofi, ya sha, da yamma ya faɗi. "Ku haɗa da kanku," in ji shi. Mai Kemis ya ce a bar zancen da ba hujja.

Masinjan nan kowace Laraba yake ba shi ruwa. Lauya ma kurɓa ɗaya yake yi don kar ya kunyata tsohon, likita ya taƙaita masa ruwa. Ban ce komai ba. Ba a tambaye ni ba.

Laraba, 12 ga Maris

Layin farko ba Lauya. Motoci sun tafi rabi-rabi, biyu ma ko tada su ba a yi ba. Da, layin sai ya zagaye ofis ya kai gidan mai. Yau bai wuce bakin ƙofa ba, yawanci tsofaffin mata da kujerunsu na roba. Mai Kemis ya kai taga ya faɗi kalmominsa da wata murya kamar mai neman a ba shi bashi. Akawun ya leƙo ya ce, "Ina babbanku? Ko ya karɓi nasa katin a can?" Suka kwashe da dariya a ciki. Mai Kemis ya ce na gode. Na gode!

Kafin rana ta take rabi sun watse. In haka aka ci gaba, kafin Mayu ba mai zuwa sai ƙuda.

Asabar, 15 ga Maris

Digiri ya zo ofishina. Bai zauna ba sai da na ce ya zauna, alamar yana son wani abu.

"Baba, kai ka fi kowa kusa da shi. Kullum kuna tare a mota. Ya taɓa ce maka yana ciwo?"

Na ce me ya sa yake tambaya.

"Don in kai ka faɗa, za a yarda. Tsohon nan zai kashe mana tafiya da na gode, na gode. Matasa suna son mutum mai jini a jika. Kuma ƙuri'armu ta fi ta tsofaffi yawa, ka sani."

Yaron banza ne amma ba wawa ba ne. Na ce zan yi tunani.

Na yi tunanin. Lauya ya ce kar in faɗa wa kowa yana ciwo. Bai ce in ya mutu alkawarin ya tashi ba. In na yi shiru, amanarsa nake riƙewa. Kuma wa ya tsayar da shi cikin rana shekara huɗu? Ba su ba ne? Ko da kofi ko ba kofi, su suka kashe shi.

Laraba, 19 ga Maris

Yau na san abin da Lauya yake ji.

Jiya na sa Digiri ya baza cewa Mai Motoci zai yi magana kafin a tafi layi. Gareji ya cika har titi. Na hau kan bas da lasifika. Ban ce guba ba, Allah ya gani. Cewa na yi, "Na san mutumin nan tun muna gajeren wando. Da ƙafarsa ya je ofishin nan, lafiyarsa lau. Ya sha ruwansu. Washegari muka sa shi a rami. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na iya lissafi."

Ƙasa sai da ta girgiza. Mata na kuka, samari na dukan jikin mota. Direbobi sun yi ta sawu har rana ta yi tsaka ba a gama kwashe mutane ba. Layi ya wuce gidan mai, ya kai gada. A taga ba wanda ya ce na gode. Wani ya tofa yawu a gilashin, akawun ya ja labule.

Mai Kemis ya same ni gefe, wai mene ne hujjata. Na nuna masa layin na ce ga ta nan.

Matata, uwar 'yan biyu, ta ce tun daga gida ta jiyo muryata. Ba ta ce ta yi daɗi ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Malama ta aiko in zo. Na same ta a falo, an ɗauke kujeru saboda masu gaisuwa, littattafansa a jibge a kusurwa. Ta rame. Ta sallami 'yan'uwanta mata suka shiga ciki.

"Baban 'yan biyu, me na ji ka faɗa?"

Na ce abin da ya cika mata layin mijinta.

"Kai ka riƙe masa roba yana amai a hanya. Kai ka goya shi ranar da ƙafarsa ta kumbura. Lafiyarsa lau?"

Na ce shi ya ce a ɓoye.

"Ya ce a ɓoye ciwo. Bai ce a rataya wa wani kisa ba. Masinjan nan da kuke nunawa ɗan unguwar nan ne, shi ma ba shi da kati. Jikarsa tana ajina."

Na ce, Malama, ke kin san allo da alli, ni na san jama'a. Fasinja ba ya shiga motar da ba kowa a ciki. Mijinki ya mutu a kan gado kamar kowa, in aka faɗi haka gobe an manta da shi. Ni na ba shi mutuwar da ta dace da shi, ya kamata ki gode min.

Ta ce in janye da bakina kafin ƙarshen wata, in ba haka ba za ta faɗa da nata.

Ko ruwa ba a kawo min ba. Ni da na ɗauki hidimar gidan nan.

Litinin, 24 ga Maris

An fara kirana Shugaba a tasha. Ban hana ba.

Laraba, 26 ga Maris

Cika ta fi ta makon jiya. Sai dai ba layi ba ne sosai, kowa na turawa gaba. Masinjan bai fito ba, an ce an ɓoye shi a ciki. Matasa sun ƙirƙiro waƙa a kan kofi. Tana da daɗi, har makanikaina na yin ta a ƙarƙashin mota.

Lahadi, 30 ga Maris

Ta yi.

Digiri ya shirya mu je gidan da jama'a mu nuna wa iyalin ba a manta da su ba. Na so a fasa, ban sami dalilin da zan bayar ba. Muna isa ta fito bakin ƙofa, ba lasifika, amma aka yi tsit don matar Lauya ce.

Ta ce ta gode. Ta ce mijinta ciwon ƙoda ya yi fama da shi fiye da shekara, shi ya kashe shi, ba wanda ya ba shi komai. Ta ce ku koma layi yadda ya koya muku, ku ƙyale bawan Allahn nan. Sannan ta ce, "In ba ku yarda da ni ba, ga Baban 'yan biyu nan, shi yake kai shi asibiti. Ku tambaye shi."

Duk idanu suka juyo. Mai Kemis yana gefe, har ya fara gyara hula kamar wanda aka kira sunansa.

Na ce, "Jama'a, ku yi mata uzuri. Baƙin ciki yana taɓa kai. Ni dai taya muke zuwa saye." Aka yi 'yar dariya. Da na ji dariyar sai na ƙara, "Kuma mace ita kaɗai da marayu, in manya suka matsa mata, me za ta ce?"

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Sauran Digiri ne. Shi ya ɗaga murya ya ce nawa aka ba ki. Wata mata da ta sha cin abinci a gidan ta ce dama an ga baƙar mota a ƙofar. Ba wata baƙar mota, tawa ce, kuma ruwan toka ce. Aka fara ihu. Malama ba ta gudu ba, ta tsaya sai da ɗanta ya jawo ta ciki ya rufe ƙofa. Ni ta kalla har ƙofar ta rufu.

Ita ta ja. Na gaya mata.

Talata, 1 ga Afrilu

Na kira likitan, wai ko 'yan jarida sun neme shi. Ya ce sirrin marar lafiya ba ya fita daga bakinsa sai kotu ta tambaya. Madalla da mutum mai ƙa'ida.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na ci zaɓe. Ba ma kusa ba. Aka ɗaga ni sama a garejina, ƙarƙashin rufin da na kafa da hannuna. Mai facin taya! Ina ma shugaban makarantarmu yana raye, wanda ya ce kaina ba ya ɗaukar komai sai hula.

Mai Kemis ya miƙo min hannu ya ce, "Allah ya ba ka ikon tsayar da abin da ka tayar." Na ce masa mota ba ta gagarar mai ita, ya je ya ji da masu tari.

Na sa an sayo sabuwar kujera. Ta Lauya ta yi min kaɗan.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

Na ce musu a jeru. Na faɗa da lasifika, kowa ya ji. Ba wanda ya jeru. Wani ya hango masinjan ta ƙofar baya zai zubar da shara, sai kawai aka yi kansa. Na ga lokacin da aka jawo shi titi, tsoho ne ɗan ƙarami, takalminsa ɗaya ya fita. Wani ya kawo kofi. Suka ɗebo ruwan kwata suna ɗura masa suna waƙar nan, in ya furzar a mare shi a sake ɗebowa. Yana cewa, "'Ya'yana, ni naku ne." Daga baya ba kofi ba ne, duwatsu ne.

Na yi ihu a bari. Lasifikar tana hannuna, ina jin muryata tana dawowa daga bangon ofis, ba wanda ya waiwayo. Digiri ma ya yi ƙoƙari, a ba shi haƙƙinsa, aka ture shi ya faɗa kwatar.

Sai 'yan sanda. Kamar dama a shirye suke a bayan gidan mai. Barkonon tsohuwa, kulki, harbi sama. An tattake tsofaffin matan nan da kujerunsu. An ƙone min mota ɗaya, an kama min uku.

Ni ban taɓa shi ba. Ban ce a taɓa shi ba. A nemo wanda ya ji na ce guba.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Masinja ya mutu a asibiti.

Gwamnati ta haramta taruwa a ofishin rajista. Kotu ta ɗage shari'armu, ba a sa rana ba. Shekara huɗu suna neman dalili. Rediyo na cewa dama halin baƙi ke nan. Mutumin da motocina ke da sunansa ya kira ni, ya ce in zo mu yi magana. Da, shi yake zuwa.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Taro. Na yi zaton za a zo da sanyin jiki, ashe an zo da wuta. Sun ce Allah ne ya kama masinja. Sun ce da matar Lauya ba ta raba kan jama'a ba da gwamnati ba ta samu ƙofa ba. Wani ya kawo shawara a cire ta daga ƙungiya. Aka ɗaga hannu. Ni ne shugaba, na ƙirga, na ce an cire ta.

Ba wanda ya je jana'izar masinja daga unguwar nan sai iyalinsa da Mai Kemis. Da Malama, an ce.

Talata, 15 ga Afrilu

Iyaye sun ce ba za su bar yara su shiga ajin Malama ba in ta koma. Shugabar makarantar ta aika mata kar ta dawo tukuna. An rubuta mata abu a katanga da baƙin mai, ba zan maimaita ba. Mai kanti ya daina sayar wa ɗanta burodi.

'Yan biyu sun tambaye ni a wurin cin abinci wai da gaske Malamarsu ta sayar da mijinta. Na ce su ci abinci. Uwarsu ta ce, "Ku tambaye shi inda yake sayen taya, tunda ba mu taɓa ganin ya dawo da ko ɗaya ba." Na buga tebur. Ta kwashe kwanoni ta tashi. Shekarunmu tare ba ta taɓa yi min haka gaban yara ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Mai Kemis ya je ofishin rajista da ƙafa, shi da wasu tsofaffi mata da ba su cika benci ɗaya ba. Suka jeru. An ce har ya kai taga ya faɗi kalmominsa kafin a jefa shi a motar 'yan sanda, yana ta na gode. Matasa sun mai da abin wasa, ɗaya ya yi Mai Kemis ɗaya ya yi ɗan sanda. Na yi dariya. Kowa na kallona, dole in yi.

Asabar, 19 ga Afrilu

Digiri ya fara zuwa taro da wasu fuskoki da ban sani ba. Ba sa ce min Baba. Ɗaya ya ce lokacin layi ya wuce, ya tambaye ni mota nawa zan bayar ranar da za a buƙata. Na ce za a buƙata don me? Ya ce in lokaci ya yi zan ji. A garejina!

Sun sa ranar Lahadi ta makon sama a yi babban gangami don tunawa da kisan Lauya. Ni zan buɗe. Digiri ya ce wannan karon in faɗi kalmar da bakina, mutane sun gaji da zagaye-zagaye.

Laraba, 23 ga Afrilu

Laraba. Motoci duk suna kan hanya suna aiki. Ban san me ake yi da Laraba ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu

An fasa mata tagogi, dutse ya sami ƙaramar 'yarta a goshi. Wanta ya ce ta koma wurinsa a wani gari. Ta nemi motar kaya a tasha, ba direban da ya yarda. Ba ni na hana su ba. Ba sai na hana ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Tsohuwar motar kayan nan ta daɗe a ajiye, makanike ya ce ya gyara giya, ni kuma ba na yarda da aikin da ban gwada da hannuna ba. Shi ya sa na fitar da ita da safe. Tunda hanya ta bi ta ƙofar gidan, na tsaya.

Ba ta ce min shigo ba, ba ta ce tafi ba. Ni da ɗanta muka loda. Gado, katifa, buhunan littattafai masu nauyin tsiya. Maƙwabta na leƙe ta saman katanga, ba wanda ya kama mana ko tukunya. Wata ta ce, "Shugaba, kai da kanka?" Na ce ina so in tabbatar ta bar unguwar. Suka yi shewa. Malama tana tsaye, ta ji.

Yara suka hau baya kan katifa, ita ta zauna gaba da ƙaramar a cinya, goshin da filasta. Tafiya ce mai nisa. Na kunna rediyo na kashe. Na sayi lemo a hanya na miƙa baya, yaron ya kalli uwarsa, bai karɓa ba.

Da muka isa wanta ya sauke kaya bai gaishe ni ba. Na tada mota. Sai ta zo jikin taga. Na ɗauka zagi ne, na ma shirya amsa.

Ta ce, "Satin da zai rasu na tambaye shi wa zai riƙe layi bayansa. Ya ce Mai Kemis zai riƙe kujera, amma in abu ya rikice in nemi Baban 'yan biyu. Ya ce kana da girman kai kamar raƙumi, amma a duk cikinsu kai kaɗai ne ba ka taɓa yi masa ƙarya ba." Ta gyara wa yarinyar filasta. "Shi ya sa na ce su tambaye ka. Sauka lafiya."

Giyar ba ta gyaru ba. Ta uku tana kuɓucewa a hawa. Na tsaya a gefen hanya na daɗe kafin in ci gaba, saboda injin ya yi zafi.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Gangami yau. Tun daga ofis nake jin waƙar. Digiri ya aiko sau biyu, na uku ya zo da kansa, ya ce fili ya cika, ana kiran Shugaba. Na ce maƙogwarona na ciwo, murya ba ta fita. Ya ce kalma ɗaya ce, Baba. Na nuna masa wuyana. Ya kalle ni yadda nake kallon direban da ya ce min an sace masa mai, ya ɗauki lasifikar daga kan teburina ya fita.

Ba zan rasa kujerar a kan wannan ba. Ko ma zan rasa, ba yau ba.

An ce ba za a ba da belin Mai Kemis ba sai mai kati ya tsaya masa. Gobe dama zan je wurin mutumin da motocina ke da sunansa, kan maganar motocin. In ya sake fuska, wataƙila in ambata. Tsohon yana da hawan jini, in ya mutu a can ni za a dama.

Kuma da gaske maƙogwaron yana ciwo.